Gwanjon Fitilu a Birnin da Magariba ke Yi da Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku da kwata na yamma Yaya ya ce mu tashi mu yi magariba. Na dubi agogona, na dube shi, na leƙa taga. Da gaskiyarsa, gari ya riga ya rufe. Da ƙyar awa biyu ta wuce da sallame la'asar, ita ma la'asar ɗin a gindin azahar ta zo. Yinina na farko ke nan a Sitokhom, babban birnin Suwidin, a tsakiyar Nuwamba, watan da su kansu 'yan ƙasar ba sa yabo. Ganye ya zube, dusar ƙanƙara ba ta iso ta haska ƙasa ba, rana kuwa leƙowa take yi kamar amaryar da aka tilasta wa gaida surukai, ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki.

Yaya ɗan wan mahaifina ne. Ya haura shekara ashirin a can, sana'arsa wayarin ɗin wutar lantarki. Da rana yana bin gine-gine, ranakun hutu kuwa dillalan tsofaffin kaya ne ke kawo masa fitilu ya sauya musu waya. Wani lungu na ɗakin ajiyarsa cike yake da su, wasu a kife, wasu ba hula, ga ƙananan kusoshi a cikin gwangwanayen tumatir kowanne da takarda a manne.

Bayan isha, wato wajen ƙarfe shida, muka fita miƙe ƙafa. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne tagogi. Mutanen nan ba su damu da sakin labule ba, kuma kusan kowace taga akwai 'yar fitila a zaune a bakinta, mai hasken ruwan zuma, ba ta haska komai sai kanta da tukunyar fure da ke gefenta. Can cikin ɗakin za ka hango wata a kusurwa, wata ta sauko daga silin har kusa da teburin cin abinci. Ɗaki ɗaya fitila huɗu ko biyar, amma duk da haka da sauran duhu-duhu a tsakaninsu, kuma da gangan aka bar shi.

"Ka ga wancan benen?" Yaya ya nuna da haɓa. "Ƙirga tagogin da ka ga farin haske ƙal daga sama, kamar ɗakin tiyata. To, waɗannan namu ne, baƙi. Ta uku daga hagu a hawa na huɗu, tawa ce."

Na yi dariya. Ya ce kada in yi, domin yaƙin da ya fi shekara goma yana yi da matarsa ke nan, kuma har yau ita ke da nasara. Sannan ya ce gobe in shirya da wuri, za mu gwanjo.

Na ji daɗi ƙwarai, don rigar sanyin da na zo da ita daga Kano ta riga ta ba ni kunya. Na ɗauka wurin dilolin tufafi za mu, in zaɓi kwat mai kauri. Sai ga mu a tsakiyar gari, bakin wani ɗan lambu da ake kira Berzelii, a ƙofar wani gida mai kafet da ma'aikata sanye da baƙaƙen kwat. Sunan gidan Bukowskis. Wani ɗan babban gida daga Polan, Henryk Bukowski, wanda ya gudo bayan tawayen da mutanensa suka yi wa Rasha a 1863, shi ya kafa shi a 1870. Kuma ba shi ne dattijon gidajen gwanjon birnin ba. Akwai Stockholms Auktionsverk, wanda ke buga guduma tun 1674, shekara 130 kafin jihadin Shehu Usmanu, kuma babu gidan gwanjo a duniya da ya girme shi a cikin waɗanda ke aiki har yau. Kalmar dai ɗaya ce da tamu, gwanjo, wa ya fi tayi ya ɗauka. Sai dai mu mun bar ta ta gangara kan tsofaffin riguna, su kuwa sun ɗaga ta sun sa mata kafet.

Ranar ba ta ciniki ba ce, ta kallo ce. Kwanaki kaɗan kafin a buga guduma ake shimfiɗa kayan, kowa ya shigo kyauta, ya duba, ya taɓa, har ya zauna a kujerar da ta fi albashinsa na shekara. Babu mai tambayarka ko kana da kuɗi. Na ga wata tsohuwa da jakar cefane tana shafa wani tebur, na ga wasu samari biyu da ƙaramar tocila suna leƙa ƙarƙashin kabad kamar masu neman kunama.

Ni ina ta kallon kyau, Yaya ya ce, "Ƙanena, ba a fara wa fitila da fuska. Kifa ta."

Ya nemi izinin wata ma'aikaciya, ta ɗaga wata fitilar tebur ta tagulla, ta juya gindinta. Ga tambari nan ƙarami, da lamba a gefensa. Böhlmarks. Kamfanin Arvid Böhlmark ne, wanda ya fara a 1872 da fitilun kananzir, kafin lantarki ya zo ya sauya masa sana'a. Yana da masana'antar gilashi tasa ta kansa a Pukeberg, can kudu a yankin Småland, saboda haka ƙarfe da gilashi duk daga hannu ɗaya suke fitowa. Mai zayyana masa fitilu na tsawon shekaru shi ne Harald Notini, mutumin da ya rasu a 1959 ba tare da wani ya damu da sunansa a wajen masana'anta ba. Yau sunan nan idan ya hau kan takardar da ke rataye a wuyan fitila, sai farashi ya miƙe tsaye. Haka ma Erik Tidstrand, wanda ya riƙe sashen fitilu na babban kantin Nordiska Kompaniet, wanda kowa ke kira NK.

Yaya ya daɗe a kan fitilar nan, ni ma na daɗe ina saurare, don ban taɓa sanin ƙarfe da gilashi suna da salsala ba. Ya ce a dubi bakin gilashin: na asali da baki aka hura shi, kaurinsa ba ya zama daidai ko'ina, kuma an goge bakinsa a dutse. Idan hular ta taɓa fashewa aka sa wata, ko da ta fi ta farkon kyau, kuɗi ya ragu. A dubi kusoshi, ko masu tsaga ɗaya ne irin na da, ko masu gicciye na zamani. A dubi launin tagullar. Wannan dusashewar da ta yi, mai kama da bayan tsohuwar buta, ita ake saye.

"Duk wanda ya samu irin wannan a gidan kakarsa ya dirje ta da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli," in ji shi, "ya wanke rabin kuɗinta ya zubar a kwata."

A kundin kayan ma akwai martaba hawa uku. Wata an rubuta sunan mai zayyanar kai tsaye, don an samu hotonta da lambarta a tsohon kundin masana'anta. Wata an rubuta kalmar tillskriven, ma'ana ana danganta ta da wane, amma ba a rantse ba. Wata kuwa ba ta da uba, sai dai a ce ta Suwidin ce, shekarun 1930. Fitilu uku na iya zama kamar an tsaga kara, hasken da suke bayarwa ɗaya, amma ta farko ta ninka ta ƙarshe sau goma. A ƙasan kusan kowacce kuma akwai ɗan rubutu cewa ba a gwada ko tana kamawa ba. Wannan ya ba ni dariya fiye da komai a ranar. Fitila ce, kuma abu ɗaya da ba a yi maka alkawari ba shi ne haske.

Da na gaji da gindi na koma ga fuska, sai na lura da abin da ya haɗa su duka: babu wadda ke barin ka ga ƙwan. Wata ta lulluɓe shi da farin gilashi mai kamar madara. Wata kasko ce ta tagulla da ke watsa hasken sama, ya bugi silin ya dawo a sanyaye. Wata an huda mata ƙananan ramuka, haske na tsiyaya ta ciki. Lokacin da lantarki ya shiga gidaje, ƙwai tsirara ake ratayawa a tsakar ɗaki, yana soke ido. Mutumin da zai yi watanni yana zaune a ƙarƙashin wannan ƙwan tun ƙarfe uku na yamma, dole ya yi tunanin yadda zai lallashe shi. A maƙwabciyarsu Danmak, Poul Henningsen ya ɗora huluna uku kan juna a tsakiyar shekarun 1920 don wannan matsalar. 'Yan Suwidin suka bi tasu hanyar, da tagulla da gilashin Småland.

A ɗakin gaba akwai wani tebur na katakon fayin, mai kaurin ƙafafu, babu ado ko ɗaya, ga tabon kofi a samansa. Da a ƙofar wani kafinta na gan shi a Kano, zan ce benci ne aka faɗaɗa. Aikin Axel Einar Hjorth ne, wanda ya shugabanci zayyanar kayan ɗaki a NK daga 1927 zuwa 1938. Ya yi wa attajirai kabad-kabad na katako mai tsada, amma a gefe ya fitar da waɗannan masu araha don bukkokin hutu na bakin ruwa, ya sa musu sunayen tsibiran da ke kewaye da birnin: Utö, Lovö, Sandhamn, Blidö. Shekara da shekaru suna can a bukkoki ana yanka kifi a kansu. Yau dillalai daga Paris da Niyok ke kokawa a kansu, kuma tebur ɗaya kan kai ɗaruruwan dubban krona. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Daga nan na fara tambayar da ta bi ni har ƙarshen tafiyar: waɗannan kayan, don wa aka yi su tun farko?

Amsar tana cikin talaucin da baƙo ba zai yarda ƙasar nan ta taɓa yi ba. Tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da 1930, mutum fiye da miliyan ɗaya suka bar Suwidin zuwa Amurka, yawancinsu don neman abin sawa a baka. Waɗanda suka zauna suka cika birane, iyali guda a ɗaki ɗaya da kicin, wani lokaci har da ɗan haya a kan benci, ga tarin fuka yana ɗiba. A cikin wannan hali ne wata marubuciya, Ellen Key, ta fitar da ɗan littafi a 1899 tana cewa kyau haƙƙin kowa ne, har da ma'aikacin masana'anta. Wata tsohuwar ƙungiyar masu sana'ar hannu da aka kafa tun 1845 ta ɗauki maganar da gaske, ta shiga haɗa masu zane da masana'antu. Ta haka Simon Gate da Edward Hald suka je masana'antar gilashi ta Orrefors a 1916 da 1917, Wilhelm Kåge kuma ya je ta tangaran a Gustavsberg. A 1919 Gregor Paulsson ya rubuta wa ƙungiyar ƙasidar da sunanta ya zama taken zamanin, Vackrare vardagsvara, wato kayan amfanin yau da kullum su ƙara kyau.

Sai dai tun ran gini ran zane. A baje kolin kayan gida na 1917, Kåge ya fitar da farantai masu shuɗin fure da aka yi musamman don ma'aikata, har sunansu ma na ma'aikata ne. Ma'aikatan ba su saya ba. Su farantin mai zanen zinare a baki suke so, irin na gidan maigida. Malaman makaranta da likitoci ne suka kwashe. Abin da na gani a gidan gwanjo ashe ba sabon labari ba ne, tsohon ne ya tsufa ya ƙara tsada.

Shekarun 1920 na kwalliya ne mai kunya. Na shiga babban ɗakin taron birnin, wanda Ragnar Östberg ya kammala a 1923 da jan bulo kusan miliyan 8, inda ake walimar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba a zauren da ake kira Shuɗi alhali ja ne. Na wuce ta gaban ɗakin karatun da Gunnar Asplund ya gama a 1928, wata ƙatuwar ganga a kan akwati. A baje kolin Paris na 1925 gilashin Orrefors ya ci babbar lambar yabo, kuma daga baya wani ɗan Ingila mai sharhi, Morton Shand, ya raɗa wa salon suna Swedish Grace, sunan da dillalai ke rubutawa a takardun kaya har gobe. Kyau kam akwai shi. Amma gilashin da aka yi wata guda ana sassaƙa masa 'yan mata masu rawa ba na mai ɗaki ɗaya da kicin ba ne.

Juyin ya zo a 1930. Wata safiya na hau bas zuwa gefen ruwan Djurgårdsbrunn, inda aka yi babban baje kolin Sitokhom na wannan shekarar, daga Mayu zuwa Satumba. Paulsson ne shugaba, Asplund babban mai zanen gine-gine. Suka cika bakin ruwan da fararen gine-gine na ƙarfe da gilashi, ba ƙawa, ba sassaƙa, ga wata doguwar hasumiyar talla tana walƙiya da dare. An gina gidaje na gwaji, aka shirya su da kujeru da fitilu, don mai ƙaramin albashi ya shiga ya ga yadda ɗakinsa zai iya zama. An shiga wurin kusan sau miliyan 4, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 6 da 'yan kai ba. Jama'a suka gajarta sunan sabon salon suka ce funkis. Ba kowa ya yi murna ba. Carl Malmsten, gwanin kujerun katako, ya fito fili ya yi ta suka, yana ganin an kori ɗumi da aikin hannu daga gida. Shekara ta gaba Asplund da Paulsson da abokansu huɗu suka mayar da martani da littafi mai suna acceptera, wato ku karɓa, zamanin inji ya zo. Siyasa ma tana bayansu: tun 1928 Per Albin Hansson ya yi jawabin da ya kira ƙasar gidan jama'a, ya hau mulki a 1932, shi da kansa kuma ya tare a ɗaya daga cikin jerin fararen gidajen funkis a unguwar Ålsten.

Na tsaya a wurin baje kolin ina neman abin gani. An rushe gine-ginen tun da aka tashi, don dama na wucin gadi ne. Gidajen tarihi ne a filin yanzu, da ciyawa mai laima, da mata masu tura keken jarirai cikin hazo. Sanyi ya kore ni kafin rabin awa.

Ranar Juma'a ce ta ba ni abin da filin bai ba ni ba. Babban masallacin birnin yana unguwar Södermalm, kusa da dandalin Medborgarplatsen. Ina zaune ina jiran huɗuba, ina kallon tsawon rufin da dogayen tagogi, Yaya ya raɗa mini cewa nan tashar wutar lantarki ce a da. Ferdinand Boberg, wanda ya zana ginin kantin NK, shi ya zana ta, aka gama a 1903, sai a 2000 ta zama masallaci. Inda sahu ke tsayawa, nan injina suka tsaya suna tura wuta zuwa ƙwayayen farko na unguwar. Da muka fito ya nuna mini titin Högbergsgatan, tafiyar 'yan mintoci, inda masana'antar Böhlmarks ta zauna. Ga mai wuta, ga mai fitila, maƙwabtan juna.

Saura mai ƙwai. Muka gangara bakin ruwa muka hau ɗan jirgin fito zuwa Hammarby, kuma a can na ji labarin da ya fi kowanne zama a raina.

A Disambar 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a Janiba suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da Phoebus. Suka raba kasuwannin duniya a tsakaninsu kamar naman watanda. Suka kuma amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali kafin nan akwai masu daɗewa fiye da haka. Ana aika samfuri a gwada, kamfanin da ƙwansa ya cika tsawon rai a ci shi tara. A Suwidin, ƙungiyar gama kai ta masu sayayya, Kooperativa Förbundet, ƙarƙashin Albin Johansson, ta riga ta saba da irin wannan faɗa, don ta karya masu haɗin baki a kan man shafa wa burodi da garin fulawa da takalman roba ta hanyar kafa masana'antunta. Sai ta ce ƙwai ma za ta yi. Ta gina masana'antar Luma a bakin ruwan nan tsakanin 1929 da 1930, zanen Artur von Schmalensee da Eskil Sundahl, ɗaya daga cikin mutum shidan da suka rubuta acceptera. Farashin ƙwai ya faɗi a ƙasar.

Ginin yana nan, fari, dogo, ofisoshi ne a ciki yanzu. A samansa akwai wani ɗaki na gilashi zalla da ya leƙo kan ruwa. A nan ake kunna ƙwayaye dare da rana don a gwada ƙarkonsu, saboda haka duk wanda ke tsallaken ruwa a wancan zamani yana ganin akwatin haske a sararin sama, gwaji da talla a lokaci guda. Na tsaya a gindinsa da ƙarfe uku da rabi, duhu na sauka, na ce a raina idan akwai inda alkawarin 1919 ya cika to nan ne. Hular tagulla ta Notini ta tafi gidan mai hali. Ƙwan da ke cikinta, wanda ba ya da tambarin da dillali ke nema, wanda ake jefarwa idan ya mutu, shi ne ya shiga ɗaki ɗaya da kicin. Babu mai kai shi gwanjo.

Kantin Svenskt Tenn da ke titin Strandvägen na leƙa shi ne don Yaya ya nace. Estrid Ericson ta kafa shi a 1924 tana sayar da kayan kuza, sannan a 1934 ta ɗauki Josef Frank, Bayahude ɗan Ostiriya da ya baro Biyana da ya ga inda iskar Turai ta dosa. Frank ya ƙi tsaurin funkis. Ya kawo yadudduka masu furanni da tsuntsaye da 'ya'yan itatuwan da babu su a kowane daji, da fitilu masu siraran ƙafafu da hular yadi. Idona na Bahaushe ya huta a wurin, don launi ne har da na sayarwa, kamar an shiga rumfar atamfa a Kantin Kwari. Na juya takardar farashin wani matashin kujera, na mayar da ita yadda na same ta, muka fita.

Ranar Asabar muka tafi wani ƙaramin gidan gwanjo a bayan gari, tsohon sito ne da aka jera wa kujerun roba. Yawancin irin waɗannan gidaje sun koma intanet, kaya na ƙarewa da agogo ba da guduma ba, amma wannan yana tara mutane lokaci-lokaci. Tun ranar kallon kayan wurin Yaya ya ɗora ido a kan wata 'yar fitilar tebur, gindin tagulla, hular farin gilashi mai siffar ƙoƙo a kife. Ba ta da tambari, an rubuta mata shekarun 1930 kawai, an ƙiyasta ta krona 2,000. Amma shi ya ce ya san wannan makunnin, ya san yadda aka naɗe bakin ƙarfen, hannunsa ya taɓa 'yan'uwanta masu tambari.

"Idan Allah ya rufe idon mutane, ka tafi da ita gida," in ji shi. "Amma ka faɗa mini iyakarka tun yanzu, kafin jininka ya hau."

Na ce 4,000. Ya ce in tuna akwai la'ada, kusan rubu'in kuɗin za a ɗora a kai. Na ce na ji.

Na nuna fasfo aka ba ni kati mai lamba. Mu wajen talatin ne a zauren, galibi tsofaffi, wasu da kofin gahawa. Babu ƙararrawa, babu ihu, babu mai kirarin kaya. Wata mata ce a kan ɗan dandamali da gudumar katako, gefenta saurayi da kwamfuta, da wata yarinya riƙe da waya a kunne. Kowane kaya bai kai minti ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rashin magana. Ni da na tashi a inda ciniki hira ce, ka taya a ce albarka, ka yi kamar za ka tafi a kira ka, a tambayi mutanen gida kafin a sallama, sai ga ni a inda tayi ɗaga kati ne kawai, mai kayan ma ba ya wurin balle ya ji kunyarka.

Aka zo kan tamu. Matar ta buɗe da 1,500. Na ɗaga. Wani dattijo mai jar hula ya ɗaga. Na sake. A 3,000 dattijon ya girgiza kai ya koma ga gahawarsa, zuciyata ta ce an gama. Sai saurayin kwamfuta ya ɗaga yatsa. Na kai 4,000, ya wuce. Hannuna ya fara tashi da kansa, Yaya ya danne mini gwiwa. Daga nan ma ba da ni ake ba. Yarinyar waya ta shigo, ita da kwamfuta suka riƙa jifan juna da lambobi, mutum biyu da ba sa zauren, watakila ba sa ƙasar ma, har 17,000. Matar ta ƙirga, första, andra, tredje, ta buga. Kafin in sauke numfashi an ɗago wani agogon bango.

"Ba ni kaɗai na san makunnin ba ke nan," Yaya ya ce. Ko a jikinsa. Ya ƙara da cewa kada in yi mamaki idan bayan wata shida na gan ta a wani kanti a Paris da sunan Notini a wuyanta, da kalmar nan ta dangantawa a gaba, da sifili ɗaya a baya. Mai yiwuwa ma shi za a kawo wa ta ya sauya waya, a ce ya ajiye tsohuwar wayar mai rigar zare a ambulan, don mai saye yana son ganinta.

A hanyar komawa muka tsaya a wani shagon kayan hannu na biyu na wata ƙungiyar agaji, irin gwanjon da na sani. Na samu kwat ɗina mai kauri. A kan wani kanta kuma, tsakanin tsofaffin kofuna, ga wata fitila mai gindin katako da hular yadi da ta ɗan yi rawaya, ba suna, ba lamba, krona 150. Yaya ya kifa ta, ya duba, ya ce ba ta da kowa. Na saya.

Da daddare ya zauna a teburin kicin ya sauya mata waya da filogi cikin minti goma, ya sa mata ƙwai mai ruwan zuma. Ya ɗora ta a bakin taga, ya dube ni, ya miƙa hannu a hankali ya kashe farar fitilar silin. Ɗakin ya yi laushi nan take. Bangon ya ja baya, fuskar Yaya ta yi kamar ta saurayi, tagarmu ta shiga sahun sauran tagogin benen. Muka yi shiru muna kallo, kamar minti biyu.

Sai ga matar Yaya ta fito daga ɗaki da faranti a hannu.

"Wa ya kashe mini wuta? Alhaji, kai ne ko baƙonka?"

"Anti, gwadawa muke yi," na ce.

"Ku gwada a ɗakinku. Ni wake nake tsincewa, kuma ban baro Kano na zo ƙasar da ba a ɗauke wuta don in zauna a duhu da kuɗina ba."

Ta danna makunnin da gwiwar hannu, ta ja kujera ta zauna, ta tura mini rabin waken gabana.